Kafin Ka Yi Hayar Rumfa don Taro

A Matameye da ƙauyukan da ke kewaye da ita, yawancin taro a fili ake yin sa: ɗaurin aure, suna, walimar saukar Alƙur'ani, zaman makoki, ko taron ƙungiya. A da, maƙwabta ne ke kawo dirkoki da zana su kafa rumfa a ƙofar gida. Yanzu akwai masu sana'ar ba da hayar rumfar tamfol mai ƙafafun ƙarfe, tare da kujeru da tabarmi. Wannan sauƙi ne, amma in ba ka yi hattara ba, yana iya jawo maka asara, ko kunya a gaban baƙi, ko ma haɗari ga rayuka.

Da farko ka san yawan baƙinka. Mutum ɗaya a kan kujera yana buƙatar wuri kusan mita 1 a tsawo da mita 1 a faɗi, in an haɗa da hanyar wucewa. Ke nan rumfa mai mita 6 a tsawo da mita 6 a faɗi za ta ɗauki mutane kamar 36. In tabarmi za a shimfiɗa, za ta ɗauki fiye da haka. Kada ka manta da wurin mata da yara, domin sau da yawa su ne suka fi yawa, kuma su ne ake bari a rana. Ka duba ko akwai itace a filin. Ƙasar nan tana da gawo da yawa, shi kuwa gawo da rani yake fitar da ganye, da damina ya zubar. Inuwarsa ko ta dogon yaro tana iya rage maka kuɗin rumfa guda.

Ka je ka ga kayan da idonka

Kada ka gama ciniki ta wayar salula. Ka je wurin mai kayan, ka ce a warware maka tamfol ɗin. Ka ɗaga shi sama ta wajen rana. Duk inda haske ya ɓullo, nan ruwa zai ɗigo. Ka dubi ƙarafan a mahaɗarsu, inda aka yi walda, domin nan tsatsa ke fara ci. Ka ƙirga turaku da igiyoyi. Kujerar roba da ta daɗe a rana takan yi fari ta bushe, sai ta karye a ƙarƙashin mutum ba zato. Ka zauna a kan biyu ko uku ka gani. Mai kayan da ya ƙi nuna maka su, ka bar shi ka nemi wani. Haka kuma ka tambayi wanda ya yi haya a wurinsa kwanan nan: ya zo a kan lokaci? Ya kawo abin da aka yi magana a kai?

Lokacin shekara yana da muhimmanci ƙwarai. Daga watan Maris zuwa Mayu zafi yakan wuce digiri 40. Baƙin tamfol da aka ɗaura ƙasa-ƙasa yana tara zafi, tsofaffi da jarirai su galabaita. Ka zaɓi mai haske, a ɗaga shi sama, a bar gefuna a buɗe. Da hunturu kuwa, iska da ƙura daga arewa maso gabas suke zuwa, don haka a kare wannan ɓangaren. Mafi haɗari shi ne farkon damina, cikin Mayu da Yuni, lokacin da iska mai ƙarfi ke riga ruwa zuwa. Ƙasarmu jigawa ce, gajeren turke ba ya kama rairayi. A kafa dogaye, a ɗaure kowace ƙafa, a ɗora mata buhun ƙasa. In hadari ya taso da iska, a fitar da mutane tun da wuri. Ba a fakewa a ƙarƙashin ƙarfe lokacin walƙiya. In ƙarafan suna kusa da wayar NIGELEC, a canja wuri kafin a ɗaga su.

Maganar wuta

Tamfol na roba da zana duk suna kamawa cikin ƙiftawar ido. A shekarar 1997 gobara ta tashi a tantunan Mina lokacin aikin hajji, alhazai fiye da 300 suka rasu. Bayan haka ne hukumomin Saudiyya suka kafa tantunan da ba sa kama wuta da sauƙi. A nan gida, cikin Nuwamba 2021, yara fiye da 20 suka rasu a Maraɗi da wuta ta kama azuzuwan zana. Saboda haka a nisanta murhu, tukunyar gas da injin wuta daga rumfa, kuma a ajiye su ta inda iska ba za ta kwaso tartsatsi ba. Masu dafa shayi ma su matsa da gawayinsu. A bar mafita aƙalla biyu, kada a toshe su da babura. A tanadi bokitin ruwa da na rairayi a kusa.

Ciniki da takarda

A nan ne karatun da kake koyo zai yi maka rana. Ka tambayi abin da kuɗin ya ƙunsa. Wa zai biya amalanke ko mota, zuwa da dawowa? Wa zai kafa, wa zai kwance? Hayar ta yini ɗaya ce ko har da kwana? In kujera ta karye ko ta ɓata, nawa za ka biya? In iska ta yaga tamfol da yaransa suka ɗaura, a kan wa asarar take? Mutane suna jin nauyin wannan tambaya ta ƙarshe, alhali ita ce ta fi haddasa rigima bayan biki.

Ku rubuta amsoshin a takarda biyu, da kwanan wata da yawan kaya da lambobi, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a gaban shaida. Ka rubuta kuɗin dalla-dalla: jika 5 sefa 5.000 ce, dala 100 kuwa sefa 500. Ka ba da kafin alƙalami kawai, sauran sai kaya sun iso an kafa su.

Bayan kaka da gab da azumi aure yakan yi yawa, kaya su yi wuya. Ka kama naka da wuri. Suna kuwa kwana bakwai ne kacal, don haka tun ranar haihuwa za ka yi magana. Wasu sukan nemo kaya daga wajen Daura ta hanyar Ɗan Barto. In haka za ka yi, ku daidaita ko da naira za a biya ko da sefa, kuma ka tuna cewa iyaka tana iya rufewa, kamar yadda ta kasance daga 2023 zuwa Maris 2024. Wata hanyar kuma ita ce ta asusu, irin na Mata Masu Dubara da aka fara a Nijar a 1991: ƙungiya ta sayi tabarmi da kujeru nata, mambobi su riƙa amfani da su a kuɗi kaɗan.

Da kaya sun iso, ka ƙirga su tare da wanda ya kawo, ka nuna masa duk kujerar da ta zo a karye, a rubuta. Ka ɗora wa mutum ɗaya amintacce kula da su har a watse, domin maƙwabta sukan ari kujera da kyakkyawar niyya su manta. Ranar mayarwa a sake ƙirgawa a gaban mutum ɗin nan, sa'annan mai kayan ya rubuta a takardarka cewa ya karɓi kayansa cif.