Minsharin Yaro Mai Lalurar Down: A Kai Shi Wurin Likitan Haƙori

Daga Wakilinmu, Kauru

'Yan'uwanmu mazauna Kurmi, musamman 'yan ƙasar Kauru da Chawai da Kumana da ke neman abinci a Ikko da Badun, wannan magana taku ce, domin sau da yawa ku ne ke aiko da kuɗin magani, kuma shawararku ake jira kafin a kai yaro ko'ina.

Akwai yaran da ake haifa da lalurar da likitoci ke kira Down, sunan wani likitan Ingila da ya bayyana ta a 1866. Gidajen rediyo kan sa ta cikin abin da suke ce wa galahanga. Ba aikin iska ba ne, ba kuma laifin uwa ba. Ƙwayoyin gado ne suka zama 47 maimakon 46. Binciken da Farfesa Adeyokunnu ya buga a 1982 daga asibitin koyarwa na Badun ya sami ɗaya cikin kowace haihuwa 865.

To, abin da iyaye ba su cika lura da shi ba shi ne barcin waɗannan yara. Yaro ya yi ta minshari, can sai a ji tsit, numfashi ya tsaya, sa'an nan ya zabura ya ja iska da ƙarfi. Haka zai kwana. Wani ma a zaune yake barci, ko ya tanƙwara wuya baya. Aƙalla rabin masu lalurar suna fama da wannan. Dalili kuwa, muƙamuƙinsu na sama ƙarami ne, ganɗa, watau rufin baki, a tsuke take, harshe ya cika bakin, naman maƙogwaro kuma ba ƙarfi, saboda haka da barci ya yi nauyi sai hanyar iska ta toshe. Da rana yaro ya wuni cikin gyangyaɗi ko fitina, a ce ai halinsa ne. Alhali kuwa wajen rabin yaran nan da ciwon zuciya ake haifarsu, kuma ƙarancin iska kowane dare ƙara wa zuciyar nauyi yake yi.

Ina ruwan likitan haƙori? Ai shi ne ke buɗe baki ya duba da fitila. Shi zai ga tsukakkiyar ganɗa, da haƙoran da suka cinye saboda gurza su cikin barci, da dasashin da ya kumbura don kwana da baki buɗe, da kullutun nama biyu na gefen maƙogwaro in sun yi girma. In ya ga haka sai ya tura yaron wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro, wanda zai iya yin aikin cire naman. Shi kansa yana da nasa aikin: akwai wani ƙarfe da ake maƙala wa haƙoran sama, ana juya shi kaɗan kaɗan har ganɗa ta buɗe, hanyar hanci ta ƙara faɗi. Sai dai wannan yana yiwuwa ne tun ƙashin yaro bai gama ƙwari ba. Manya kuwa akan yi musu wata roba ta dare mai turo muƙamuƙin ƙasa gaba. Na'urar hura iska ta hanci, wadda aka ƙago a Ostiraliya a 1981, tana aiki ƙwarai, amma fa sai da lantarki, kuma kun san halin wuta a ƙauyukanmu.

Abin da nake tsoro shi ne wanzami. Da an ji minshari sai a ce beli ne, a kira shi ya yanke. Yanke beli ba ya faɗaɗa ganɗa, ba ya rage harshe, ga zubar jini, ga haɗarin ƙwayar cuta ta shiga jini ta kama zuciyar da dā ma tana da rauni.

Likitocin yara na Amurka sun ba da shawara a auna barcin kowane yaro mai wannan lalura kafin ya cika shekara 4. Daga Kauru, a fara da babban asibitin Kafanchan, ko a wuce asibitin koyarwa na Shika a Zariya, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Wanda iyalinsa ke tare da shi a Ikko, akwai sashen haƙori a asibitin koyarwa na Idi-Araba. Kafin a tafi, a ɗauki hoton yaron da waya yana barci, har da sautin, a nuna wa likita.