Me Ya Sa Babur Ke Tari A Hanyar Shika?

Ɗan acaɓa ya ɗauko fasinja daga Samaru zuwa Shika, babur ya yi zafi ya fara tari yana harbi ta salansa. Yawanci sai a zargi mai ko kafireto, alhali sau da yawa wuta ce.

A Bajaj Boxer da Jincheng, akwatin CDI ne ke sakin tartsatsin filogi daf da fiston ya kai sama. In tartsatsin ya yi sauri, inji ya yi ƙwanƙwasa, kik ya mayar da ƙafa. In ya makara, ƙarfi ya ragu.

Kafin ka sayi sabon CDI a Sabon Gari, cire filogi ka duba: tartsatsi shuɗi ake so, ba ja ba.