Matsalar Auna Fahimtar Ɗaliban Manyan Digiri a Darasin Ilimin Ɗa'a na Zamani

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana hanyoyin da ake bi wajen auna ɗaliban digiri na biyu da na uku a darasin ilimin ɗa'a na zamani. Wannan fanni reshe ne na falsafa wanda yake nazarin daidai da kuskure a al'amuran yau, kamar gwajin magani a jikin ɗan'adam da rabon arziki. Daga cikin littattafan da aka fi karantawa a fannin akwai na John Rawls kan adalci (1971) da na Peter Singer kan ɗa'a a aikace (1979). Matsalar kuwa ita ce, mai jarrabawa yana iya saka wa ɗalibi maki a kan halinsa, ko ra'ayinsa, ko ƙarfin hujjarsa, alhali waɗannan abubuwa uku ba ɗaya ba ne.

2.0 Abin da Ake Aunawa

Kirk-Greene (1974) ya kawo siffofi goma na mutumin kirki a wurin Bahaushe, waɗanda suka haɗa da gaskiya da amana da kunya da haƙuri da adalci. Waɗannan siffofi ana gane su ne ta hanyar zama da cuɗanya na tsawon lokaci, don haka takardar jarrabawa ta sa'a uku ba ta isa ta tabbatar da su ba. Ɗalibi yana iya rubuta kyakkyawan bayani a kan amana alhali shi maci amana ne. Haka nan ra'ayi bai dace ya zama ma'auni ba, domin idan malami ya fifita wanda ya yarda da shi, ɗalibai za su koyi karantar fuskar malami kawai. Abin da ya rage shi ne hujja. Wannan ya yi daidai da rahoton Cibiyar Hastings ta Amurka (1980), wanda ya sanya gane matsalar ɗa'a da iya ƙalailaice ta cikin manyan manufofin koyar da fannin.

3.0 Hanyoyin Aunawa

Hanya ta farko ita ce rubutacciyar jarrabawa. Bloom (1956) ya kasa manufofin koyo gida shida, tun daga haddace bayani har zuwa yanke hukunci. Tambayar da ta tsaya ga neman ma'anar ra'i ta dace da ɗalibin digiri na farko, amma ɗalibin babban digiri ana bukatar ya auna ra'in, ya nuna inda ya gaza.

Hanya ta biyu ita ce nazarin abin da ya auku. Alal misali, a shekarar 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a wani bincike da ya shafi yara kimanin 200, inda 11 suka rasu. An yi ta shari'a a kan ko iyayen yaran sun ba da izini bisa cikakkiyar fahimta, har aka yi sulhu da gwamnatin Jihar Kano a 2009. Ɗalibin da aka ba wannan batu ana duba ko ya rarrabe abin da ya tabbata da abin da ake jayayya a kai, ko ya kawo hujjar ɓangaren da bai goyi baya ba cikin adalci, sannan ko hukuncinsa ya biyo bayan dalilansa.

Hanya ta uku ita ce gwajin matakan tunani. Kohlberg ya tsara matakai shida na bunƙasar tunanin ɗa'a, James Rest kuma ya gina gwajinsa a kansu a shekarun 1970. Sai dai Gilligan (1982) ta soki tsarin da cewa ya fifita adalci a kan kulawa da zumunci. Saboda haka wannan gwaji ya fi amfani wajen bincike, bai kamata a ɗora makin ɗalibi a kansa ba.

4.0 Matsalar Harshe

A nan ne masana harshe suke da ta cewa. Kalmomin ɗa'a da ɗabi'a da hali da tarbiyya suna da kusanci, amma kowace da muhallinta. Kunya, wadda Bahaushe yake ƙirgawa cikin kyawawan halaye, ba ta da takwara guda a Ingilishi. Har ila yau, ɗalibin da ya taso da ladabin ƙin musu da na gaba yana iya yin shiru a zauren ƙara wa juna sani, a ɗauka bai sani ba. Don haka makin muhawarar baka yana bukatar a haɗa shi da na rubutu.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ya kamata a bayyana wa ɗalibai ma'aunin maki a rubuce tun farkon zango, a ɓoye sunayensu lokacin dubawa, kuma malami na biyu ko mai jarrabawa daga wata jami'a ya sake duba takardun. Ta haka ɗalibin da ya saɓa wa malaminsa da hujja mai ƙarfi zai sami haƙƙinsa.