Ƙashin da ba ya ɗoruwa: jinyar haƙarƙarin ɗan kokowa a gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji

1. Gabatarwa

A jahar Maraɗi kokowa tana bin bayan girbi. Idan an gama yankan hatsi wajen watan Oktoba, samarin ƙauyuka sukan koma fage, ana karawa gari da gari, daga nan a yi zaɓe a gundumomi, sannan a fitar da mutum 10 da za su wakilci jaha a gasar takobi, inda jahohin ƙasa 8 ke haɗuwa. An fara wannan gasa a Tawa a 1975, zamanin mulkin Seyni Kunce, kuma ɗan Maraɗi ne, Yakuba Ango wanda aka fi sani da Kantu, ya ci ta farko. Sunansa aka sa wa filin kokowar birnin Maraɗi. Bayansa an yi su Bindigau da Laminu Mai Daba. Saboda haka yaron da ke koyon kamu a Gangara ko a Tibiri yana da waɗanda yake kallo, kuma ba ya son a ce ya zauna gida don ciwon kwiɓi.

Abin da za mu duba a wannan takarda shi ne raunin haƙarƙari da ake samu wajen atisaye, da yadda ake warkewa daga gare shi. Mun tsaya kan gundumomi uku da babbar hanya mai lamba 1 ta ratsa: Gidan Rumji a arewa maso yammacin Maraɗi, Agye da Gazawa a gabas (Gazawa dai a 2011 aka cire ta daga Agye ta zama gunduma). Ra'ayinmu shi ne: sanin ɗori, wanda yake aiki ga hannu da ƙafa, an gina shi bisa hana ƙashi motsi, alhali haƙarƙari ƙashi ne da ba a hana wa motsi ba tare da an taɓa numfashi ba. Daga nan yawancin kurakuran jinya ke fitowa, kuma kalmominmu kansu suna da hannu a ciki.

2. Ƙirar wurin da yadda yake raunana

Mutum yana da haƙarƙari 24, wato 12 a kowane gefe. Dukansu suna manne da ƙashin baya. Ta gaba kuwa, 7 na sama suna isa ƙashin ƙirji ta hanyar guringuntsi, 3 da ke biye suna rataye da guringuntsin na samansu, 2 na ƙarshe a sake suke. Tsakanin kowane biyu akwai tsoka da jijiya. Babban mutum yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti guda, kimanin sau 20.000 ke nan a kwana, kuma kowane numfashi sai wannan keji ya buɗe ya rufe.

A fage, rauni yakan zo ta hanya uku. Akwai faɗuwa bisa kwiɓi, musamman idan abokin karawa ya biyo da nauyinsa, ko kuma gwiwar hannun wanda aka kayar ta shige ƙarƙashin ƙirjinsa. Akwai matsa, lokacin da aka rungume mutum aka ɗaga. Akwai kuma murɗa, sa'ad da ƙafafu suka kafe a ƙasa amma aka juya gangar jiki da ƙarfi. Wannan ita ke yaga tsoka ko ta raba ƙashi da guringuntsinsa, har mai ita ya ce ya ji wani abu ya yi ƙas. Haƙarƙarin tsakiya, daga na 4 zuwa na 9, su suka fi karyewa. Ƴan judo da ƴan kokowar Senegal sun san irin wannan rauni. Ba za mu manta ba kuma cewa filin gasa rairayi ake zuba masa, amma atisayen ƙauye a kan yi shi duk inda aka samu, har kan fako.

3. Matsalar kalmomi

Hausa tana da wadatar kalmomi game da raunin ƙashi: karaya, tsagewa, gocewa, targaɗe, buguwa. Sai dai huɗu na farko duk suna nuna hanya guda, wato gidan maɗori. Wanda aka ce wa ya karye ya san abin da ke biye: a ja, a daidaita, a jera karan ɗori, a ɗaure, a jira. Idan kuwa aka ce masa buguwa ce kawai, sai ya ɗauka babu jira ko kaɗan. Ga haƙarƙari, duka fahimtar biyu kuskure ne. Karayar haƙarƙari ɗaya ko biyu da ba su kauce ba, da buguwarsa, kusan jinyarsu ɗaya ce, bambancin yana ga tsawon lokaci. Shi ya sa ma ba kullum likita ke neman hoton ƙirji don ya ƙidaya karaya ba, tun da hoton yakan ɓoye kusan rabin irin waɗannan karaya. Abin da ake dubawa a cikinsa shi ne halin da huhu ke ciki.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne furucin "ciwon haƙarƙari". A bakin Bahaushe wannan suna ne na cutar huhu mai zazzaɓi da tari da suka a gefe, wadda ake kira pneumonie da faransanci. Amma ɗan kokowar da ya faɗi jiya, shi ma abin da zai ce ke nan: haƙarƙarina ke ciwo. To, ga inda haɗarin yake. Raunin ƙashin yana iya jawo cutar huhun, kuma idan ta zo bayan kwana uku ko mako guda, sunan bai sake ba. Maras lafiya da danginsa suna ganin ciwon jiya ne ya ƙi sauka, alhali wata cuta ce sabuwa ta hau kan ta farko, wadda ita tana kisa. A ganinmu, duk mai rubuta takardar wayar da kai da hausa ya kamata ya raba su da gangan: "raunin haƙarƙari" ga na ƙashi, "ciwon huhu" ga na ciki, ko da na biyun bai kai na gargajiya daɗin baki ba.

4. Me ya sa ba a ɗaurewa

Mai raunin haƙarƙari, saboda zafi, yakan rage numfashi da kansa, ya riƙa shan iska sama-sama, ya kuma danne tari. Idan haka ta daɗe, ƙasan huhu ba ya buɗewa, majina ta taru, ƙwayoyin cuta su sami wurin zama. Ɗaure ƙirji da rawani ko tsumma yana rage zafi nan take, wannan gaskiya ne, don haka ne ma mutane suka yarda da shi. Amma yana rage shi ne ta hanyar ƙara taƙaita numfashin da dama ya taƙaita. Kada a ɗauka wannan kuskuren maɗora ne su kaɗai. Likitocin Turai sun daɗe suna naɗe ƙirji da filasta kafin su bari, bayan sun lura cewa ɗaurin yana cutar da huhu kuma ba ya gaggauta haɗewar ƙashi. Haƙarƙarin da ya karye yana da karan ɗorinsa na halitta, wato maƙwabtansa na sama da na ƙasa da tsokar da ta haɗa su.

Lokacin shekara yana ƙara wa abin nauyi. Kakar kokowa ita ce kakar hunturu, da ƙurarta da murarta, ga hayaƙin wutar da ake hurawa cikin ɗaki da dare. Mutumin da kowane tari ke soka masa wuƙa a gefe, a daidai watannin da tari ya fi yawa aka ce ya yi jinya.

Jinyar da ta dace ba ta da tsada. Na farko, a kashe zafi sosai, domin a iya numfashi. A nan jarumtar cije baki, wadda ake yaba wa a fage, illa ce. Farasitamol ya isa ga yawancin mutane, giram 1 bayan kowace awa 6, kada babba ya wuce giram 4 a kwana. Ana iya ƙara ibuprofen bayan cin abinci, in babu gyambon ciki kuma babu zaton zubar jini a ciki. Na biyu, kowace awa in ana farke, a ja dogon numfashi kamar sau 10, a hankali, har ƙirji ya cika. Na uku, in tari ya zo a bar shi ya fito, a rungume matashi ko zane a naɗe a wurin ciwon har ya wuce. Tallafi na ɗan lokaci daban yake da ɗauri na wuni. Kwanakin farko a yi barci a jingine. A riƙa tafiya a tsakar gida tun ranar farko, kada a shimfiɗe. Mai shan taba ya bari. Gashi da ruwan ɗumi bayan kwana biyu ba ya ɓarna in ba a danna ba. Ƙaho da sakiya kuwa a kiyaye su a wannan wuri: tsakanin fata da tantanin huhu, ga mutum marar kitse, tazara kaɗan ce.

Sai mu ce wani abu game da taramol, wanda masu tallar magani suka sanar da samari. Magani ne na gaskiya in likita ya rubuta shi. Amma wanda aka saya a kasuwa don a koma fage yana ɓoye zafin da ke gargaɗin mutum, kuma idan ya yi yawa yana kawo farfaɗiya, yana kuma rage numfashi, abin da muke gudu tun farko.

5. Lokacin da jinyar gida ba ta isa ba

Haƙarƙari rufi ne, abin da ke ƙarƙashinsa shi ne abin tsoro. Bakin ƙashin da ya karye yana iya huda huhu, iska ta taru a kewayensa ta matse shi. Alamarsa numfashi da ke ƙara ƙuntata, wani lokaci da kumburin fata mai ƙaras-ƙaras in an taɓa. Tari da jini, ko wani sashen ƙirji da ke shiga ciki lokacin da sauran ke fita (wannan yana faruwa in haƙarƙari 3 ko fiye da ke jere sun karye a wuri biyu-biyu), duk na gaggawa ne. Zazzaɓi da majina mai launi bayan ƴan kwanaki, shi ne ciwon huhun da muka ambata a sama; kada a tsaya ga maganin zazzaɓin cizon sauro kawai.

Haƙarƙarin ƙasa suna da nasu labari. A hagu suna rufe saifa, a dama hanta, ta baya ƙoda. A ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ke dawowa kowace damina, ana samun masu kumburarriyar saifa, kuma irin wannan ta fi saurin fashewa. Tana iya fashewa nan take, tana kuma iya jira kwanaki, har mako biyu. Wanda ya bugu a hagu, daga baya ya fara jiri in ya miƙe, ko gumi mai sanyi, ko ciwon ciki, ko ciwo a kafaɗar hagu inda bai bugu ba, jini ke zuba a cikinsa. Ba ƙaramin gidan likita na ƙauye zai tsaya ba sai don a ba shi takardar wucewa. Wurin da ake tiyata da ƙarin jini yake bukata, kuma daga waɗannan gundumomi uku hanyar ta fi kaiwa Maraɗi. Haka nan fitsarin jini bayan faɗuwa: a garuruwan da ke kusa da tabki an saba ganinsa ga samari ana cewa tsargiya ce, amma in ya biyo bayan bugu a baya, ƙoda za a fara zato. Mai amosanin jini kuwa, ko ƙaramin rauni ne a ƙirji, gara likita ya gan shi tun da wuri.

6. Komawa fage

Buguwa takan lafa cikin mako 3 zuwa 4. Karaya tana bukatar kimanin mako 6: a makonnin farko wani taushin nama ne ke haɗa bakin ƙashin, daga baya ya taurare. Guringuntsi, da yake jini kaɗan ke ratsa shi, yana iya cin wata 3, kuma sau da yawa yana barin ɗan ƙulli da ba ya ɓacewa, wanda ba shi da illa. Abin da ke ruɗin mutane shi ne zafi yana sauka tun kafin ƙashi ya yi ƙwari, wajen mako na 3, kuma a nan ne ake sake karyewa.

Idan muka ɗora wannan lissafi bisa kalandar kokowa, za mu ga inda gizo ke saƙa. A shekarun baya-bayan nan an fi yin gasar takobi a watan Disamba. Wanda ya karye a farkon Nuwamba, mako 6 ɗinsa zai cika ne bayan an gama zaɓen gunduma da na jaha. Ba rashin sani kaɗai ke mai da shi fage ba: akwai kyautar da ƴan kallo ke bayarwa, akwai mai gidan da ya kashe masa kuɗi, akwai sunan gari. Wanda ba ya neman takobi ma ba ya tsira, domin akwai damman hatsi da za a ɗauka, da guga da za a ja, da tafiya cin rani, inda dako ke cikin ayyukan da aka fi samu. Shawarar "ka huta" ba ta da amfani in ba a faɗi aikin da aka hana da wanda aka bari ba. Tafiya da ƙafa da aikin zaune an bari tun farko. Ɗaga nauyi sama da kai, jan ruwa da hawan babur a hanya mai gargada, sai bayan wata guda aƙalla.

Ga fage kuwa, mun fi son a ba mai horarwa gwaji a maimakon kwanan wata. Ɗan kokowa ya ja numfashi har ƙarshe, ya yi tari da ƙarfi, ya juya gangar jiki dama da hagu, ya kwanta bisa gefen, sannan a danna wurin da tafin hannu. In ɗaya daga cikin waɗannan ya sa shi ya yamutsa fuska, bai isa ba, kuma gwajin ba ya ƙirguwa in ya sha maganin zafi a ranar. In ya wuce, sai ya fara da gudu da kamu ba kayarwa, da abokin da bai fi shi nauyi ba, na tsawon mako guda ko biyu, a kan rairayi, kafin a bar kowa ya ɗaga shi.