Ko Kun Sani?

Gidan Makama da ke Kano, dab da fadar Sarki, ya haura shekara 500 a tsaye. A nan Muhammadu Rumfa ya zauna yana Makama, kafin ya hau gadon sarauta a 1463. Babu siminti a asalin gininsa: tubali ne da jar ƙasa, sai azarar giginya da ke riƙe da rufi. Katangar kauri gare ta, shi ya sa ko ana tsananin zafin bazara za ka tarar da sanyi a cikin soro. Ga zankwaye sun miƙe a saman bango, ka ce kunnuwan zomo. Yau gidan tarihi ne. Mutanen Kura da Bunkure, in kun kawo shinkafa birni, ku leƙa.