Ɗaukar Hoton Ƙananan Abubuwa

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya da rani, in ya kai Kura, zai ga abin mamaki. Ko'ina ƙasa ta bushe, ciyawa ta ƙone, amma nan ga gonaki kore shar, na alkama da albasa da tumatir. Ruwan da ke shayar da su daga madatsar Tiga ya ke zuwa, wadda aka gama ginawa a 1974. Daga can a ke koro shi ta manyan magudanai, ya ratsa ƙasar Bunkure da Garun Malam da Kura.

A 2016 wata 'yar tsutsa ta auka wa tumatirin wannan yanki, ta yi ɓarna ƙwarai, har tumatir ya yi tsada a kasuwannin Nijeriya. Masana suna kiranta Tuta absoluta, manoma kuwa suka laƙaba mata suna Sharon. Asalinta daga Amurka ta Kudu ne, ta ƙetaro ƙasar Sifen a 2006, daga baya ta iso Afirka. Girmanta kamar ƙwayar shinkafa ne, kuma cikin ganye ta ke ɓuya, tsakanin fatar sama da ta ƙasa, ta yi ta ci.

To, manomin da bai san abin da ke cin gonarsa ba ya kan sayi maganin da ba shi ne ba, ya yi hasarar kuɗi, ya yi ta amfanin gona. Malamin gona kuwa ba zai iya zaga kowace gona ba. Amma in aka ɗauki hoton ƙwaron da waya aka aika masa, ya kan gane shi nan da nan, muddin hoton ya fita. Yaron da ya iya wannan aiki ya taimaki mahaifinsa taimako babba. Ba kuwa sai da waya mai tsada ba. Abu biyu ne ke gyara hoton ƙaramin abu, watau haske da shimfiɗar da aka ɗora shi a kai.

Yawancin mutane suna tsammani tsananin rana shi ne ke fid da hoto. Ba haka ba ne. Ranar tsaka ta kan sa ganye ƙyalli, ta jefa baƙar inuwa ƙarƙashin abu, sai rabinsa ya yi fari fat, rabi ya yi baƙi ƙirin. Hasken safiya da na la'asar sun fi, gama daga gefe su ke zuwa, su bayyana kowane tudu da kwari na jikin abin. Ran da hazo ya rufe rana kuwa, mai hoto ya huta, don hazo ya kan baza haske ko'ina, inuwa ta yi laushi. In babu hazo, sai a koma gindin itace, ko kuwa wani ya riƙe farin ƙyalle marar kauri tsakanin rana da abin. In har yanzu gefe guda da duhu, sai a jingina farar takarda a wannan gefen, ta maido haske kansa. Fitilar wayar kuwa, gara a kashe ta, don a kusa ba ta yin kome sai wanke hoton.

Ita tsutsar tumatir da ke cikin ganye, dabararta dabam ce. In aka haska ganyen daga gaba, ba abin da za a gani sai wani tabo fari-fari. Sai a tsinko ganyen, a ɗaga shi, haske ya bugo daga bayansa. Nan take wurin da ta cinye zai yi haske kamar takardar da mai ya taɓa, a ga tsutsar kwance a ciki, a ga baƙin kashinta a tare wuri guda. Kada dai a sa ƙwayar rana kanta cikin hoton, sararin sama mai haske ya isa.

Sai batun shimfiɗa. Tabarma da buhu da atamfa ba su dace ba, domin idon waya ya kan kama saƙarsu da zanensu, ya bar ƙwaron dishi-dishi. Abin da a ke so shi ne wuri sumul mai launi ɗaya, wanda ya saɓa da launin abin. Farar shinkafa tana son baƙin ƙyalle, baƙin ƙwaro yana son takarda. Amma a nan akwai wani tarko. In shimfiɗar ta cika fari, wayar ta kan zaci haske ya yi yawa, ta rage shi, sai ƙwaron ya fito baƙi, ba a ganin zanen bayansa. Saboda haka bayan kwali, mai launin ƙasa-ƙasa, ya kan fi farar takarda sau da yawa. A ajiye tsinken ashana ko rula kusa da abin, don wanda aka aika wa ya san girmansa.

Kafin a danna, a goge idon wayar, gama ƙurar hunturu ba ta barin gilashi. Kada a matsa ƙwarai, don yawancin wayoyi ba su gani sosai in sun fi faɗin tafin hannu kusa. Kuma gwargwadon matsowa, gwargwadon ƙanƙancewar wurin da ke fita sarai, har a ga kan tsutsa ya fita, wutsiyarta ta dushe. Maganin wannan shi ne a kwantar da ita a gicciye, kai da wutsiya su yi nisa ɗaya da wayar. Sa'an nan a kafa gwiwar hannu a ƙasa, a taɓa hoton ƙwaron a fuskar wayar don ta san abin da a ke nufi, a riƙe numfashi, a danna. A ɗauki uku ko huɗu, a zaɓi wanda ya fi fita, a aika wa malamin gona tare da hoton dukan shukar, da sunan ƙauyen, da ranar da aka ɗauka.