Tsoron da aka koya, da yadda ake rage masa ƙarfi

A ranar 8 ga Afrilun 2011, jajiberin zaɓen 'yan majalisar tarayya, bam ya tashi a ofishin hukumar zaɓe ta INEC da ke Suleja, ya halaka mutane, cikinsu har da matasa masu yi wa ƙasa hidima. Ranar Kirsimeti ta shekarar aka kai hari cocin St. Theresa da ke Madalla. A Janairun 2025 kuma tankar mai ta kama da wuta a mahaɗar Dikko, kan hanyar Abuja zuwa Kaduna, sama da mutum 80 suka rasu. Wasu daga cikin waɗanda kan tsira daga irin wannan, raunin jiki kan warke ya bar su da wani: ƙarar fashewar taya ko warin fetur kaɗai ya isa gabansu ya faɗi, zufa ta karyo musu.

Wannan tsoro koyonsa aka yi. Wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa mai suna amigdala shi ke ƙulla alama da haɗari, kuma darasi ɗaya kan ishe shi. Dama Bahaushe ya ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Matsalar tana cikin gudun ne. Duk sa'ad da mutum ya kauce wa kasuwa ko gidan mai ya ji sauƙi, ƙwaƙwalwa sai ta ɗauka kaucewar ce ta cece shi, ba ta kuma samun damar gane cewa tsumma ne.

Magani shi ne a ba ta wannan dama. A 1924, Mary Cover Jones ta Amurka ta yi aiki da wani yaro, Peter, mai tsoron zomo. Tana matso da zomon kaɗan-kaɗan yayin da yaron ke cin abin da yake so, har ya kai ga taɓa shi. A yau masana halayyar ɗan'adam na bin wannan sawu: a tsara abubuwan da majiyyaci ke tsoro daga mai sauƙi zuwa mai tsanani, ya fuskance su ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya har ya ga abin da yake zato bai auku ba. Tsarin da Edna Foa ta Jami'ar Pennsylvania ta fito da shi kan ɗauki zama 8 zuwa 15.

Abin da ya kamata iyalai su sani shi ne, horon ba ya goge tsohon tsoro. Sabon darasi ne ake ɗorawa a kansa, gaban ƙwaƙwalwa yana danne amigdala. Shi ya sa tsoron kan dawo bayan wani lokaci, ko a wurin da ba a nan aka yi horon ba, ko bayan sabuwar firgita. Dawowar ba ta nufin aikin ya rushe, don haka ake maimaita horon a wurare daban-daban, ba a ɗakin likita kaɗai ba.

Ba aikin gida ba ne, balle a tura mutum da ƙarfi a ce ya daure. Hakan kan ƙara dagula lamarin. Ana neman ƙwararre, kamar a Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Kuma ana horon ne a kan abin da ba shi da haɗari. Tankar da ta faɗi tana tsiyayar mai ba tsumma ba ce, wanda ya gan ta ya yi nesa.